Makarar da Kawu Ya Yi da Zaren Rama

Daga Allah muke, kuma gare Shi muke komawa, babba da yaro. Kawuna, wan mahaifiyata, wanda ya riƙe ni tun ina 'yar firamare, ya rasu a Filinge da safe, a ƙarshen bazara, lokacin da hadari ke haɗuwa yana watsewa bai zubar ba. Ya yi asuba, ya ce a dama masa kunu, kafin a kawo ya cika. Na ɗauki alƙalami ne don na ji abin da mutane suka yi ta faɗa a zaman makoki, na ga in aka bar su da bakinsu, nan da 'yan shekaru ba abin da za a tuna game da shi sai makara da abin da ni na aikata a tsakar gida ranar.

Kafin hantsi gida ya cika. Wata gwaggonmu ta sauko daga motar Tabla tana share ido da bakin mayafi, ta ce, "Allah sarki, mai wasa da goriba ya tahi." Wani Bazabarme mai sayar da hatsi a kasuwar Baleyara ya tsaya a bakin ƙofa ya ce "Fonda tilas," wato gaisuwar mutuwa a harshensu, sannan ya rage murya ya tambayi maigidana ko marigayin, da ake ce wa dokta, likita ne da gaske, don shi bai taɓa jin ya yi wa kowa allura ba. Tsofaffin ɗalibansa na Yamai sun yi ta bugo waya, wasu suna kuka da Faransanci. Wani Bafulatani dattijo daga wajen Imanan ya zo ya jingine sandarsa, ya zauna can gefe. Inna kuwa, mahaifiyata, ba ta yi kuka ba. Tsintsiya ta ɗauka ta yi ta sharar wurin da aka riga aka share.

Ina cikin raba tabarmi sai na ji muryar Babban Kawu daga zaure. Shi ne wan marigayin, shi ne babban gidan, kuma shi ke da ta cewa a kan harkar maƙabartar unguwarmu tun ban san kaina ba. Ya ce wa samari, "Ku shiga ɗakin ajiya ku sauko da makarag ga da yay yi. Bisa ita za mu kai shi."

Tabarmar hannuna ta faɗi. Duk gidan ni kaɗai na san Kawu ya hana a ɗora kowa a kan makarar nan, shi da ya yi ta da hannunsa. Matarsa ta riga shi rasuwa, 'ya'yansa suna ƙasashen waje, ba wanda ya gaya wa sai ni. Ya ce mini za ta iya karyewa da mutum a tsakiyar hanya. An sa jana'iza bayan azahar, masu wanka sun riga sun shiga, tela ya baza likkafani. Na tsaya ina hango Kawu yana zubowa ƙasa a gaban dukan gari.

Amma bari in fara faɗin wane ne shi, don wanda bai san shi ba zai ɗauka masassaƙi ne.

Kawu masanin kimiyya ne, irin 'yan farkon da aka tura ƙasar Faransa karatu daga yankinmu na Kurfai. Mutanenmu sun san katako, sun san ƙarfe. Shi abu na uku ya ba rayuwarsa: a ɗauki zare, na gilashi ko na rama, a jiƙa shi da wata roba mai ruwa-ruwa wadda ke daskarewa, sai a sami faranti mai ƙarfi marar nauyi. Da irinsa ake yin jikin jirgin sama. To amma ba yin farantin ne ya hana shi sukuni ba. Abin da ya ci masa rai shi ne daidai inda zaren ya taɓa robar, wannan siririn tsakani da ido ba ya gani. Yakan ce zare da ƙarfinsa, roba da nata, amma in abin zai lalace daga haɗin yake farawa. Tunda wurin ba ya ganuwa, sai a lissafa shi. Kowane abu ƙananan ƙwayoyi ne suka haɗu suka yi shi, wasu na jan juna, wasu na ture juna. Aikin Kawu shi ne ya jera ƙwayoyin zare a gefe guda, na roba a ɗaya gefen, ya ba na'ura ta lissafa yadda za su riƙe juna da inda za su saki.

Matsalar ita ce, da ya dawo gida, zamanin soja na farko, babu irin na'urar a duk ƙasar. Mutumin da ya saba da kwamfuta mai cika ɗaki sai ga shi da alli da allo. Wani da ya haƙura, shi kuwa sai ya shiga kasuwa ya sayo goriba da aduwa da kurna, ya kama zare tsinken tsintsiyar matarsa. Goriba ƙwaya iri ɗaya, aduwa wata, kurna 'yar ƙaramar cikinsu. Ya huda su ya sarƙa su, ya shimfiɗa doguwar sarƙa a kan tabarma ya ce wannan fuskar zaren rama ce, ya kawo wata ya ce wannan roba ce, ya kwanta rub da ciki yana leƙen tsakaninsu. Baƙi kan shigo su tarar da malamin jami'a a haka, su yi sallama su fita suna girgiza kai. Wata rana da muka zo hutu Filinge akuyar Inna ta shiga ta cinye masa rabin robar. Ya bi ta har bayan rumbu da takalmi a hannu yana cewa, "Wagga dabba ta hi ministoci saurin cinye aikin mutum!"

Ba ya zama wuri ɗaya. Yana cin tuwo zai miƙe da loma a hannu don wani abu ya faɗo masa. In yana magana da kai yatsunsa na murza bakin tabarma ko gindin buta, yana neman inda aka haɗa. In ya sayi sabon takalmi, kafin ya sa sai ya ɓamɓare tafin ya ga da me aka liƙa. Kuma akwai kalmar da duk wanda ya zauna da shi ya gaji da ji: "Bai nuna ba." In ka tambaye shi aikin, bai nuna ba. In ka ce yaushe za a ga amfaninsa, bai nuna ba. Matarsa, Allah ya jiƙanta, takan ce in shi ne mai gonar kankana, sai dai 'ya'yansa su mutu da ƙishirwa.

Wannan kalma ce ta raba shi da jami'a. Wani hafsan soja ya ji labarin faranti marar nauyi, ya zo gidanmu a Yamai da rana tsaka, direba na jiransa. Yana son a yi wa motocin sintiri rufi da shi, a nuna wa shugaban ƙasa a wani biki da ke tafe. Ina kawo ruwa na ji Kawu na cewa ba zai sa hannu ba, don bai san yadda haɗin zai yi da zafin hamada ba. Hafsan ya ce ba shawara ya zo nema ba. Kawu ya ce, "To ni kuma shawara kaɗai gare ni, mon kapitan. Bai nuna ba." Mutumin bai sha ruwan ba. Ba a daɗe ba aka aika da Kawu can gabas mai nisa ya koyar da yaran koleji, ni ma a cikin kayansa na tafi. A can na koyi kimiyyar da nake koyarwa yau. Ban taɓa jin ya zagi hafsan ba, sai dai in sojoji sun sake karɓe mulki, ya kashe rediyo ya ce, "Su kullum abinsu nunanne na."

Ina tuna waɗannan abubuwa ne ina kai da komo tsakanin madafa da zaure, don ƙafata ta ƙi tsayawa. Na ga samari sun fito da makarar suna kakkaɓe ta. Yaro ɗaya ya riƙo ta da hannu guda yana nuna wa 'yan'uwansa. An goge ta da tsumma, ta fito ruwan zuma, sumul, kamar jiya aka gama ta. Na kira maigidana gefe na gaya masa. Ya dubi makarar, ya dube ni, ya ce, "Ki yi haƙuri, yanzu ba lokacin wagga magana na ba. Wa za shi tunkarar tsohon ga yau?" Ya zame ya koma cikin maza.

Asalin makarar daga rasuwar kakarmu ne, mahaifiyar su Kawu, bayan an koma mulkin farar hula kuma Kawu ya dawo daga gabas. Makarar unguwarmu ta ƙarfe ce, wani maƙerin walda ya haɗa ta da bututun famfo, ko babu kowa a kai ƙarti sai sun yi nishi. Hanyar maƙabarta kuma rairayi ne mai cin ƙafa. Kowa ya san ladan da ke cikin ɗaukar gawa, kowa na son ya sa kafaɗa ko da taku kaɗan ne, balle ɗan fari a jana'izar uwarsa. Mu mata ba ma zuwa, amma labari ya riga maza dawowa gida: Babban Kawu ya karɓi kusurwar gaba, ƙarfen ya sha rana, rairayi ya ja ƙafarsa, ya durƙusa, sai da aka tare makarar. Ba wanda ya yi dariya, amma kowa ya gani.

Kawu kuwa sai ya shiga kasuwa. Ya sayo rama dami-dami, ya sa aka saƙa masa ita tabarma-tabarma, ya kawo robar a garwa daga Yamai. Wata da watanni bayan gida na warin da ke sa hawaye. Da ya gama, ya ɗora ta a kan turmi biyu, ya yi ta jibga mata buhunan hatsi, ba ta ko lanƙwasa ba. A karo na farko a rayuwata na ji ya ce, "Wannan kam ta nuna." Ya ɗauke ta da kansa ya kai gaban wansa, lokacin dattawan unguwa na zaune a ƙofar gida. A nan ya yi kuskuren da masu ilimi kan yi, ya faɗi gaskiya a inda bai kamata ba. Ya ce, "Yaya, ga ta. Wagga ko tsoho na iya ɗaukar ta bai durƙusa ba."

Na ga fuskar Babban Kawu ta leƙen zaure. Ya dubi makarar sama da ƙasa. Sannan ya ce, "Musulmi za ka ɗora bisa roba? Abin da aka yin buta da shi da fo na yara? In dai ina da rai, ba a kai kowa kushewa bisa wagga." Dattawa suka ce gaskiya ne, ba a san ta ba, iyaye ba su yi ba. Amma duk wanda ke wurin ya san ba robar ce ta yi zafi ba.

Tun daga ranar suka daina cin abinci a kwano ɗaya. Suna gaisawa, suna sahu ɗaya a masallaci, in bikin suna ya taso suna zama kusa, amma akushi biyu ake fitarwa. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, sai dai su waɗannan kowa ya riƙe nasa har furfura ta gama su. Inna ta yi roƙo ta gaji. An rataye makarar a ɗakin ajiya, wanda rufinsa ke yoyo duk damina, yaran unguwa suka sa mata suna gadon Kawu.

Bayan ya yi ritaya ya dawo Filinge da zama, wani tsohon ɗalibinsa ya aiko masa da kwamfuta mai ƙarfi. Ka ga tsoho ya koma yaro. Goriba ta huta. In an kawo wuta, ko alwala yake sai ya katse ya je ya kunna, in an ɗauke ya yi ta zagaye gida yana tsaki. Wata ranar Asabar da hantsi ya aika aka kira ni daga gidana. Na tarar da shi a gindin dalbejiya, bai ko amsa gaisuwata da kyau ba. Ya ce, "Malama, zamna ki gani."

A fuskar na'urar akwai ƙwayoyi jere a ƙasa, ya ce zaren rama ke nan. A samansu wasu dogayen sarƙoƙi sun kwanta sun manne, robar ke nan. Duk suna ta ɗan rawa a wurinsu. Sai ya danna, ya saki wasu 'yan ƙanana ja da fari daga gefe, ya ce ruwa ne. Na zuba ido. Ba su bi ta cikin robar ba, ba su bi ta cikin zaren ba, sai suka yi ta kutsawa ta tsakani, ɗaya bayan ɗaya, kamar baƙon da ya matsa ya zauna tsakanin mutum biyu a tabarma. Duk inda ruwa ya zauna, zaren ya kama shi ya saki robar. Kafin a jima sarƙoƙin sama sun ɗaga.

Ya ce, "Rama ta hi son ruwa da roba. Ni ban sa ruwa cikin lissahi ba, da busasshen hatsi niy yi gwaji. Kuma makara wanke ta aka yi kullum an dawo."

Na ce ai tana nan lafiya, ko tsagewa ba ta yi ba. Ya kai ni ɗakin ajiya da cokali a hannu. Ya ƙwanƙwasa kusa da mariƙi, ta yi ƙara garau. Ya ƙwanƙwasa tsakiya, inda yoyo ke sauka, ta amsa a dakushe. Ya ce, "Waje lahiya lau, ciki sun rabu. Ɗiyata, ko bayan raina kar ki bari a ɗora ɗan kowa bisa wagga."

Na ce to a ƙone ta mana, ko ya gaya wa Babban Kawu. Nan fa ya murtuke. Ya ce zai yi wata, zai fara jiƙa ramar a ruwan toka don ta rage son ruwa, lissafin ma ya fara. Sai ya kai sabuwar gaban wansa tukuna zai fasa tsohuwar. "In na hwaɗa mishi yanzu, cewa za shi yi ai ya hwaɗi." Na ce, "Kawu, girman kai dai." Ya ce, "Gado na, ke ma kina da rabonki." Mutumin da ya iya ce wa soja bai nuna ba, ya kasa ce wa ɗan'uwansa na yi kuskure. Na so shi, kuma wannan hali nasa ya ba ni haushi har ranar da ya mutu. Sabuwar kuwa ba ta samu ba. Wuta ta yi ta wasa da mu, idonsa ya raunana, robar ta yi wuyar samu da aka rufe iyakoki.

Dattijon Bafulatanin da ya zo ya zauna can gefe, daga baya ya gaya mini abin da ya kawo shi. Karsanarsa ce ta karye a ƙafa, irin shanun gado da ba a so a yanka. Kawu ya gan su a bakin kasuwa, ya bi shi har ruga da ragowar rama da roba, ya ɗaure ƙafar da wani abu marar nauyi da ya daskare kamar ƙashi. Bai karɓi ko nono ba. Abin da ya yi ta nanatawa kawai shi ne kar ta shiga tafki, kuma a cire kafin ruwan farko. Mutumin ya ce jikokin karsanar suna cikin garkensa yanzu.

Rana ta take. Na ji an ce masu wanka sun gama. Na sami Inna a bayan ɗaki, har yanzu da tsintsiya, na gaya mata duka. Ta dakata da shara. Ta ce, "Ke ba ki ga yayana ba? Tun da sahe bai sha ko ruwa ba. Shekara da shekaru ya hana ƙanenai abu guda, yau shina so shi ba shi. In kinka hana shi, da mi za shi biya?" Na ce, "Inna, in ta karye bisa hanya fa?" Ta ce, "Allah shi kiyaye." Ta ci gaba da shara.

Aka kira azahar. Aka shigo da makarar tsakar gida, aka ajiye ta a ƙofar ɗakin Kawu. Babban Kawu ya shigo yana dogara sanda, ya sunkuya yana shafa ta da tafin hannu, a hankali, kamar mai lallashin yaro. Wallahi na kusa yin shiru. Na ce a raina wataƙila ta kai, ai Kawu ya rame, kuma na'ura ba Alƙur'ani ba ce. Sai na tuna ban taɓa ganin mutumin nan ya faɗi abin da bai auna ba.

Na ja mayafi na je na durƙusa a gabansa, maza na tsaye. Na ce, "Kawu, ka gahwarce ni. Mai ita ya hana. Ya ce ruwa ya ɓata ta daga ciki."

Ya dube ni kamar bai gane ni ba. Ya ce, "Ke ma? Na ƙi ta shina da rai, yanzu kina so in ƙi ta shina kwance? Tashi ki ba mutane wuri."

Wani daga baya ya ce mata su koma ciki. Wani ya ce ga abu kamar sabo, me ya same shi. Ba lokacin neman buhunan hatsi, kuma ba wanda zai saurari zancen cokali. Amma turame suna nan inda aka yi dakan kunu, ni kuma Allah bai rage ni da jiki ba, duk Filinge an shaida. Na miƙe na mirgino turmi ɗaya, na mirgino na biyu. Makarar ba nauyi, ni kaɗai na ɗaga ta na ɗora, kai a kan wannan, ƙafa a kan wancan, yadda na ga ya yi. Kafin kowa ya gane nufina na hau na zauna a tsakiyarta.

Mata suka sa salati. Gwaggon Tabla ta yi ihu, "Mai rai bisa makara! Ta haukace!" Maigidana ya rufe fuska da hula. Makarar kuwa ko motsi. Na zauna a sama, ƙafafuna na lilo, duk dangi na kallona, gawar Kawu na bayan labule. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokaci ba, har na fara roƙon ƙasa ta tsage. Babban Kawu ya ɗaga sandarsa, ya buɗe baki.

Sai muka ji wani ƙas-ƙas a ƙarƙashina, kamar ana taka busasshen kara. Sannan ta tafi gaba ɗaya. Na sami kaina a ƙasa tsakanin turame, ƙugu na zafi, rabin makara ta nan, rabi ta can.

Babban Kawu ya sauke sandar. Ya sa aka miƙo masa ɓari ɗaya, ya kai shi kusa da ido. Daga bakin karayar zaren rama ya fito buzu-buzu, fari tas, babu ko ɗigon roba a jikinsa. Ya kama sili ɗaya da yatsa biyu ya ja, ya zaro shi salin alin, ba gardama. Abin da Kawu ya nuna mini da ƙwayoyi ja da fari a gindin dalbejiya, ga shi a hannun wansa, kowa na gani.

Ya ce, "Ya sani?"

Na ce, "Ya sani, Kawu."

"Tun yaushe?"

"An yi damina da dama."

Ya jinjina kai. Ya ce, "Ɗakinai na kallon nawa. Kuma bai hwaɗa min ba." Sai hawaye suka zubo masa cikin gemu, bai share ba. Inna ta yar da tsintsiya a lokacin, ta fashe da kukan da ta riƙe tun safe. Can ya juya ga samari ya ce, "Ku tai masallaci ku ɗauko ta ƙarhe."

Aka kawo ta mutum huɗu suna haki. Aka fito da Kawu, aka shimfiɗa shi, aka rufa. Mu mata iyakarmu zaure, daga nan na tsaya ina leƙe, hannu a ƙugu. Bayan an yi masa salla a ƙofar gida, Babban Kawu ya miƙa wa wani sandarsa ya nufi kusurwar gaba. Aka yi ta ba shi haƙuri, ya ƙi. Samarin suka haɗa ido, suka ɗaga makarar sama kaɗan, yadda ƙarfen zai taɓa rigarsa kawai, su su ɗauke nauyin shi ya sami lada. Suka fara tafiya a haka. Sai tsohon ya tsaya cak, duk jama'a suka tsaya.

Ya ce da ƙarfi, har mu a zaure muka ji, "Kar ku yi min wayo. Ku sake min ƙanena."

Suka sassauta. Na ga kafaɗarsa ta nutse, gwiwarsa ta lanƙwashe, ya cije, ya miƙe. Haka suka sha kwana da shi.

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka, wanda ya ƙare kwanansa yana duban abin da ido ba ya gani cikin halittarka. Ka yafe masa taurin kansa, ka yalwata masa makwanci, ka ba tsohon da ya bari haƙurin sauran kwanakinsa. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.